Shekaru biyu na Kenny Payne a Louisville: laifin koci ne ko na 'yan wasa?

A kakar wasa ta 2022 zuwa 2023, ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Jami'ar Louisville da ke jihar Kentucky a Amurka ta buga wasanni 32, ta yi nasara a 4 kacal, aka doke ta a 28. A kakar da ta biyo baya ta ci 8, ta sha kashi a 24. Wanda bai san tarihin wannan makaranta ba zai ɗauka wata ƙaramar kwaleji ce da ba ta da kuɗi ko magoya baya, alhali Louisville na cikin manyan gidajen ƙwallon kwando na jami'o'in ƙasar. Ta ɗauki kofin ƙasa a 1980 da 1986 ƙarƙashin koci Denny Crum, ta sake ɗauka a 2013 ƙarƙashin Rick Pitino, ko da yake hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta soke wannan na uku a 2018, kuma zauren da take wasa a cikinsa yana ɗaukar 'yan kallo kusan 22,000. Mu da muke bin wasan daga wannan nahiya mun san ta ta hanyar Gorgui Dieng ɗan Senegal, da kuma Jordan Nwora wanda ya yi wa Najeriya wasa. Saboda haka ganin ta a ƙasan teburi shekaru biyu a jere abu ne da ya taɓa ni, kuma tun daga lokacin nake bin muhawarar da ta raba magoya bayanta gida biyu: wasu na cewa koci Kenny Payne ne ya kashe ƙungiyar, wasu kuma na cewa yaran da aka ba shi ne ba su da ƙwarewa ko zuciyar wasa.

Ra'ayina shi ne kaso mafi girma na laifin yana wuyan kocin, kuma akwai wani kaso da ke wuyan waɗanda suka ɗauko shi, sannan 'yan wasan su ne na ƙarshe a layi. Amma ba na son in kai ga wannan hukunci ba tare da na ba masu kare Payne haƙƙinsu ba, domin hujjojinsu ba na banza ba ne.

Gidan da ya gada ya riga ya tsage kafin zuwansa. An sallami Pitino a watan Oktoba na 2017 bayan binciken hukumar FBI kan yadda ake amfani da kuɗin kamfanin kayan wasa wajen jawo matasan 'yan wasa zuwa wasu makarantu. David Padgett ya riƙe ƙungiyar na shekara guda, sannan aka ɗauko Chris Mack daga Jami'ar Xavier, wanda ya kai ta matsayi na ɗaya a ƙasar a watan Disamba na 2019, amma al'amura suka lalace har suka rabu a watan Janairu na 2022 ana tsakiyar kaka. Ƙungiyar ta gama wannan kaka da nasara 13 da rashin nasara 19. Lokacin da aka naɗa Payne a watan Maris na 2022, shari'ar makarantar a gaban NCAA ba ta ƙare ba, kuma babu wanda ya san ko za a hana ta shiga gasar ƙasa. Sai a watan Nuwamba na wannan shekara hukuncin ya fito, ya kuma zo da sauƙi, ba a hana ta komai mai nauyi ba, amma kafin nan lokacin zawarcin 'yan wasa na bazara ya wuce. Duk matashin da ke da zaɓi tsakanin makarantu da yawa yana da dalilin gudun wadda takobi ke rataye a kanta, kuma wannan uzuri ne na gaskiya ga shekarar farko.

Akwai kuma abubuwan da suka faru a fili waɗanda babu kocin da zai iya yi wa ɗan wasa. Wasanni uku na farko na Payne duk a gida aka yi su, kuma duk da tazarar maki ɗaya aka rasa su: Bellarmine ta ci 67 da 66, Wright State ta ci 73 da 72, Appalachian State ta ci 61 da 60. Idan wasa ya ƙare da maki ɗaya, to ƙwallo guda da aka jefa ta kauce wa kwando, ko guda da aka miƙa wa abokin hamayya cikin sakaci, ita ce ta yanke hukunci, kuma ba koci ne ya jefa ta ba. Masu wannan ra'ayi suna cewa da an ci waɗannan ukun da ƙarfin gwiwar yaran bai karye ba. Suna kuma nuna El Ellis, wanda ya fi kowa cin maki a ƙungiyar a wannan kaka, da ya koma Arkansas a shekara ta gaba sai ya zama ɗan wasa na gama-gari wanda ba kullum ake fara wasa da shi ba. Ma'anar hujjar ita ce idan gwarzon ƙungiyarka bai kai ya zama jigo a wata babbar ƙungiya ba, to kayan aikin ne ba su isa ba tun farko. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ban musanta cewa an ga lokutan da 'yan wasan Louisville suka daina gudu su koma tsaron gida, suka bar abokan hamayya suna zura ƙwallo kamar ana atisaye.

Inda na rabu da su shi ne a kan tambayar wa ya tara waɗannan yara wuri guda. A gasar ƙwararru ta NBA akwai babban manaja da ke sayen 'yan wasa, koci kuma ya yi aiki da abin da aka miƙa masa, saboda haka yana iya cewa ba a ba shi mutane ba. A jami'a babu wannan rabon aiki, aƙalla a wancan lokaci. Kocin ne ke zuwa gidajen iyaye, shi ke zaɓen wanda za a ba tallafin karatu daga cikin gurabe 13 da doka ta amince da su a lokacin, shi ke ɗaukar mataimakansa, shi ke tsara atisaye, shi kuma ke yanke shawarar wanda zai shiga fili. Duk lokacin da aka ce 'yan wasan wata jami'a ba su iya ba, an riga an tuhumi kocin ba tare da an ambaci sunansa ba, domin zaɓen mutane rabin aikinsa ne.

Wannan magana ta fi ƙarfi a zamanin da Payne ya karɓi aiki fiye da kowane zamani da ya gabata. Tun daga watan Afrilu na 2021 NCAA ta ba ɗan wasa damar sauya makaranta sau ɗaya ya fara wasa nan take, ba tare da ya zauna shekara guda a benci kamar da ba, sannan daga 1 ga Yuli na wannan shekara aka halatta wa 'yan wasa samun kuɗi da sunansu da hotonsu. Sakamakon haka ɗaruruwan 'yan wasa masu gogewa suna shiga rajistar masu neman sauya sheƙa a kowace bazara, kuma kocin da ya san abin da yake nema yana iya gina ƙungiya cikin wata biyu. A bazarar 2022 kowa ya ga cewa Louisville ba ta da masu rarraba ƙwallo, wato 'yan wasan da ke ɗauko ta daga baya su tsara hari. Ellis kaɗai ne ke iya wannan aiki, kuma shi ma asalinsa mai neman cin maki ne. Duk da haka babban ɗan wasan da aka samo daga wata makaranta shi ne Brandon Huntley-Hatfield daga Tennessee, wanda dogo ne mai wasa kusa da kwando. An shiga kaka da giɓin da kowane ɗan kallo ya hango, kuma abin da ya biyo baya shi ne asarar ƙwallo ba adadi a hannun yaran da aka tilasta wa aikin da ba nasu ba. Ba adalci ba ne a ɗora wa matashi laifin kasa yin abin da ba a taɓa saninsa da shi ba.

Haka kuma hujjar maki ɗaya tana raunana idan aka duba su wa aka yi wasan da su. Bellarmine makaranta ce da ke cikin birnin Louisville ɗin kansa, wadda ta hau rukunin farko na NCAA a 2020, kuma bai kamata wasa da ita ya kai minti na ƙarshe ana fargaba ba. Kafin wannan ma, a wasan share fage, Lenoir-Rhyne da ke rukuni na biyu ta doke Louisville da ci 57 da 47. Da aka je gasar Maui a Hawaii, Texas Tech ta tsayar da su a kan maki 38 a wasa na minti 40. Sai da suka sha kashi tara a jere kafin su samu nasarar farko a kan Western Kentucky a tsakiyar Disamba. Rashin sa'a yana iya bayyana dare ɗaya ko biyu, amma ba ya bayyana wata biyu.

Shekara ta biyu ce ta fi ba ni amsa, domin a nan uzurin gado ya ƙare. Shari'a ta wuce, yawancin yaran Mack sun tafi, Payne ya ɗebo nasa, kuma masu auna sababbin 'yan wasa sun sa ajin da ya tara a cikin goma mafiya kyau a ƙasar. Ya samo Skyy Clark daga Illinois da Tre White daga Jami'ar Kudancin California. Gaskiya ne ya gamu da ƙaddara a nan ma, domin Trentyn Flowers, wanda aka fi sa rai a kansa, ya bar makarantar a watan Agusta ya tafi wasan ƙwararru a Ostareliya, Dennis Evans kuma likitoci suka dakatar da shi bayan 'yan wasanni kaɗan. Amma ƙungiyar ta sake faɗuwa a wasan share fage a hannun wata makarantar rukuni na biyu, Kentucky Wesleyan, ta kuma sha kashi a gida a hannun Chattanooga da Arkansas State. Kura-kuran ba su canza ba ko da yake fuskoki sun canza: rashin sanin wanda zai tare wa idan abokan hamayya suka yi musayar wuri, tsayuwa ana kallon mai riƙe da ƙwallo, da rugujewa da zarar an ci su maki takwas ko goma a jere. Idan rukuni biyu na yara daban-daban suka yi kuskure iri ɗaya a ƙarƙashin malami ɗaya, hankali yana komawa kan abin da ake koya musu a ɗakin atisaye.

Akwai wasa guda da nake yawan tunawa a wannan kaka. A watan Nuwamba na 2023 a birnin New York, Louisville ta yi wa Texas wasa na gani na faɗa, aka doke ta 81 da 80 da ƙwallon ƙarshe. Wannan ya nuna cewa yaran suna da ƙwarewar karawa da manya. Washegari suna gaban Indiana da maki a rabin lokaci na biyu, sai kocin Indiana, Mike Woodson, ya sauya salon tsaronsa daga mutum-da-mutum zuwa tsaron yanki, inda kowane ɗan wasa ke gadin wani sashe na fili. Louisville ta rasa yadda za ta yi, wasan ya kuɓuce, kuma bayan an tashi Payne ya shaida wa 'yan jarida cewa Woodson ya yaudare shi da wannan sauyi domin bai zaci zai yi shi ba. Tsaron yanki abu ne da ake koya wa yara tun a sakandare, kuma shirya ƙungiya ta fuskance shi aikin koci ne tsantsa, babu ɗan wasan da za a tuhuma a kai.

Abin da ya fi damuna ma ba dabarar wasa ba ne, yadda ake magana a kan yaran ne a bainar jama'a. Bayan wasa da Bellarmine a wannan kaka ta biyu, Payne ya bayyana wa 'yan jarida cewa wani ɗan wasansa ɗan ajin farko bai so shiga fili da wuri ba saboda ba a samo masa irin matsattsen wandon da yake sa wa a ƙarƙashin kayan wasa ba. Ko da labarin gaskiya ne, matashi ɗan shekara goma sha takwas ko sha tara ya zama abin dariya a duk faɗin ƙasar cikin dare ɗaya, kuma daga bakin mutumin da iyayensa suka damƙa masa amanarsa. Sau da yawa bayan an sha kashi bayanin da ake ji shi ne yaran ba su yi faɗa ba, ba su fahimci darajar rigar da suke sanye da ita ba. Mai yiwuwa haka ne a wasu ranaku, amma cusa wa matasa zuciyar faɗa yana cikin abin da ake biyan koci miliyoyin daloli ya yi, kuma wanda ya ga shugabansa yana tsame kansa daga laifi a gaban kyamara ba zai ƙara ba da jikinsa dominsa ba.

An sallami Payne a watan Maris na 2024, kwana guda bayan NC State ta fitar da su a zagayen farko na gasar ACC, wato rukunin jami'o'in da Louisville ke wasa a cikinsa, da tarihin nasara 12 da rashin nasara 52, kuma a cikin shekaru biyun sau ɗaya tak ya ci wasa a gidan abokan hamayya, a Miami. Aka ɗauko Pat Kelsey daga Kwalejin Charleston, wanda ya tarar babu ko ɗan wasa ɗaya mai tallafin karatu da ya rage, ya tara sababbi gaba ɗaya daga makarantu daban-daban: Chucky Hepburn daga Wisconsin, Terrence Edwards daga James Madison, J'Vonne Hadley daga Colorado, Reyne Smith da ya taho da shi daga Charleston. Duk da raunin da ya raba shi da Kasean Pryor da Koren Johnson tun farkon kaka, ƙungiyar ta gama da nasara 27 da rashin nasara 8, ta ci 18 cikin 20 a ACC, ta kai wasan ƙarshe na gasar rukunin, ta kuma koma gasar ƙasa inda Creighton ta fitar da ita a zagayen farko.

Masu kare Payne suna cewa wannan ma hujjarsu ce, tunda sai da aka sauya 'yan wasa duka kafin a ga nasara. Na yarda cewa gwajin bai raba koci da 'yan wasa sarai ba, domin an sauya su tare. Sai dai Kelsey ne ya zaɓo waɗannan mutane, a makaranta ɗaya, da suna ɗaya da ya zube, cikin 'yan makonni, kuma abu na farko da ya nema shi ne gogaggen mai rarraba ƙwallo, wato Hepburn, wanda daga baya aka zaɓa gwarzon mai tsaron gida na ACC. Sannan yaran da aka ce ba su iya ba sun watsu sun nuna akasin haka. Skyy Clark ya zama cikin masu fara wasa a UCLA, Tre White ya zama haka a Illinois, kuma makarantun biyu sun shiga gasar ƙasa a 2025.

Ba ina nufin cewa a ko'ina koci ne mai laifi ba. A wannan kaka ta 2022 zuwa 2023, North Carolina ta fara a matsayi na ɗaya a ƙasar, da huɗu daga cikin biyar ɗin da suka kai ta wasan ƙarshe na ƙasa 'yan watanni kafin nan, wato Caleb Love da RJ Davis da Armando Bacot da Leaky Black, amma ta gama da 20 da 13, ba a ma gayyace ta gasar ƙasa ba, abin da bai taɓa faruwa da ƙungiyar da ta fara a kan gaba ba tun da aka faɗaɗa gasar a 1985. A can ina ganin 'yan wasan suna da kaso mai tsoka, domin gogaggu ne, sun san tsarin, kuma ƙwallayen da suke jefawa daga nesa ne suka daina shiga. Kocinsu Hubert Davis ya ɗauki kambun ACC na kakar da ta biyo baya, Love kuma ya koma Arizona ya zama gwarzon ɗan wasan rukuninsu, wanda ke nuna cewa haɗin ne bai yi ba. Bambancin da Louisville shi ne tsawon lokaci da zurfin faɗuwar. Kaka guda mara kyau daga ƙungiyar da ta taɓa nuna iyawarta a ƙarƙashin wannan kocin tana iya zama ta 'yan wasa, amma kaka biyu da rukuni biyu na yara, ba tare da alamar ci gaba ba, ta wuce su.

Saura waɗanda ba a cika ambata ba, wato shugabannin jami'ar da manyan tsofaffin 'yan wasanta. Payne ɗan gida ne, yana cikin ƙungiyar da ta ɗauki kofin 1986, ya yi shekaru goma yana mataimaki ga John Calipari a Kentucky inda ya yi suna wajen horar da dogayen 'yan wasa, sannan ya yi aiki da New York Knicks ta gasar NBA, kuma shi ne baƙar fata na farko da aka naɗa cikakken kocin ƙungiyar, abin da ke da ma'ana mai girma ga al'ummar birnin. Duk waɗannan dalilai ne na ƙauna, kuma na fahimci abin da ya sa jama'a suka yi murna ranar da aka gabatar da shi. Amma bai taɓa jagorantar ƙungiya a matsayin babban koci ba ko sau ɗaya, kuma aka miƙa masa ɗaya daga cikin kujeru mafiya zafi a ƙasar a lokacin da take cikin rikici. Aikin mataimaki da na shugaba ba ɗaya ba ne: na farko yana gyara ɗan wasa guda, na biyu yana ɗaukar nauyin tsari da lokaci da hukunci. Da Payne ya koma mataimakin Calipari a Arkansas, ƙungiyar ta kai zagayen 'yan 16 a gasar ƙasa ta 2025, kuma ban yi mamaki ba, domin can ne gwanintarsa take. Daraktan wasanni Josh Heird ya ba shi shekara ta biyu bayan 4 da 28, ya kuma bar shi ya ƙarasa ta bayan Kentucky ta doke su a gida a watan Disamba na 2023, lokacin da kujerun zauren suka riga suka zama fayau.

Jami'ar ta biya Payne fiye da dala miliyan 7 na sallama, ta ɗauki sabon koci, magoya baya suka dawo. 'Yan wasan kuwa kaka huɗu kawai doka ta ba yawancinsu a jami'a, kuma waɗanda suka yi shekarun nan biyu a Louisville, irin su Mike James da Huntley-Hatfield, sun kashe rabin wannan dama a ƙungiyar da ake yi wa ihu a gidanta, sannan suka tafi neman wata makaranta da tarihin 12 da 52 a bayan sunansu.